MASU NUTSO NA KABI DA MASU NUTSO NA BAHAR MALIYA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka taimake ni da ɗan fili a shafin wasiƙu, in yi magana da 'yan'uwana masu karatu, musamman mutanen Argungu da na Birnin Kebbi da sauran garuruwan bakin gulbi, bisa wata sana'a wadda kowa ke son kallonta, amma kaɗan ne suka tsaya suka auna darajarta, watau nutso.

Masu iya magana sun ce, in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Mu duka a tudu mu ke zaune. Abin da ke ƙarƙashin Gulbin Kabi ba wanda ya san shi sai mai nutso. Waɗansu ƙasashe sun gane haka, sun mai da masu nutsonsu idon jama'a a cikin ruwa, suna tambayarsu, suna rubuta abin da suka faɗi. Mu kuwa namu ba mu tunawa da su sai ran biki, ko ran da jirgi ya kife. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Nutson Kabawa

Kowa ya san Kabawa da ruwa tun zamanin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa mulkinsa a Surame cikin ƙarni na 16. Gulbin Rima ya kan haɗu da na Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan su gangaro tare su ratsa Argungu, su wuce ta gefen Birnin Kebbi, har su faɗa Kwara. Wannan fadama ita ce rumbun ƙasar: shinkafa daga gare ta, kifi daga gare ta, kiwon rani ma a cikinta.

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, bayan shekaru masu yawa na gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya duba abin da zai nuna wa babban baƙonsa wanda ba a iya shi ko'ina sai a ƙasarsa, sai ya sa aka yi su. Daga nan ne bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali. Ban da babban sun nan da a ke yi ran ƙarshe, akwai wasannin Kabanci: tseren kwale-kwale, da iyo, da kamun agwagwar ruwa, da lalube, watau kamun kifi da hannu, da kuma gasar nutso.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ya ga yadda a ke yi. Masunci ya kan shiga da homa a hannu, yana kwance bisa babbar gora wadda ita ce jirginsa, ita ce kuma ma'ajiyar abin da ya kama. In ya isa gurbi mai zurfi sai ya saki gora, ya ja numfashi guda, ya ɓace. Ruwan kuwa ja ne wur da laka, ko tafin hannunsa ba ya gani. Da yatsu ya ke bin ramukan gaɓa da saiwoyin itace, da taɓawa ya ke bambanta tarwaɗa da kurungu mai ƙaya, da minjirya mai girgiza mutum. In ya yi gamo da giwan ruwa, sai kokawa a cikin duhu, numfashi na ƙarewa. A 2005 an fito da kifi mai kilo 75, a 2020 kuma mai kilo 78, watau nauyin ƙaton namiji. To, jama'a, wanda ya iya wannan a ce ba shi da ilmi?

Mutanen waje sun ga abin da mu ke rainawa. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a taronta na Addis Ababa, ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun da duniya duka ke da hakkin kiyayewa. A wannan zama ɗin ne kuma ta sa matan tsibirin Jeju na ƙasar Koriya ta Kudu, waɗanda su ke nutso cikin teku har zurfin mita 10 da numfashinsu kaɗai, suna tsinto abincin ruwa. Ashe sana'ar tana da dangi a nesa.

Nutso da tukunyar iska

Yanzu bari in ba da labarin wani irin nutso dabam, wanda na gani kuma na gwada shekarun baya, sa'ad da aiki ya kai ni Bur Sudan, a bakin Bahar Maliya. Wannan teku ba baƙuwa ba ce gare mu. Kakanninmu da suka tafi Makka da ƙafa, a Sawakin su ke shiga jirgi su ƙetare ta zuwa Jidda, suna wucewa bisa abin mamaki ba su sani ba.

A 1943 waɗansu Faransawa biyu, Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa, da Emile Gagnan, injiniya, suka ƙera wani ɗan makulli wanda a ke ɗaurawa a bakin tukunyar ƙarfe. A cikin tukunyar a kan cusa iskar nan da mu ke shaƙa, a matse ta har ninki 200. Makullin ba ya sakin iska sai mutum ya ja numfashi, kuma yana sakinta daidai da nauyin ruwan da ke danne da shi. Da wannan dabara mutum ya sami ikon goya iskarsa a baya, ya yi yawo ƙarƙashin ruwa wajen minti 45 ko sa'a guda, ba igiya ba tiyo daga sama. Sauran kayan su ne tabarau mai rufe ido da hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da ɗamarar dalma don ta ja mutum ƙasa, da wata riga wadda a ke hura wa iska ko a sace ta, don mutum ya tsaya cik a tsakiyar ruwa, ba ya nutsewa ba ya tasowa. A 1963 shi Cousteau ɗin ya kafa gidan ƙarfe a zurfin mita 10 a wani wuri mai suna Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan, mutanensa suka zauna ciki kwana 30.

Inda aka kai ni sunansa Sanganeb, kamar kilomita 25 daga gaɓa. Kafin malamin ya yarda in shiga teku sai da na yi kwanaki ina koyo a ruwa marar zurfi. Ran da muka sauka, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne haske. Ruwan garau ya ke, har mutum ya kan hangi abokinsa daga nisan mita 20 ko fiye. Ga wani bango ya miƙe ƙasa, ido bai ga ƙarshensa ba, duk jikinsa lulluɓe da abubuwa masu kama da itatuwa. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa, wani kamar mafici yana kaɗawa a hankali. Kifaye kuwa kamar an watsa tsakiya, ja da rawaya da shuɗi da masu zāne, suna shiga suna fita, ba su damu da mu ba. Kome ya kan yi kamar ya fi girmansa, kamar kuma ya fi kusa, saboda yadda ruwa ke karya haske. Muna ƙara yin ƙasa launin ja yana dushewa, har jar riga ta koma kamar toka. Ba magana, sai alama da yatsu. Abin da kunne ke ji shi ne numfashin mutum kansa, da wani ƙas-ƙas, wanda ƙananan jatan lande ke yi, da kifaye masu baki kamar na aku suna gurgurar bangon.

Wannan bango shi ne tudun murjani. Matanmu sun san murjani a wuya, da yawa kuma suna tsammani dutse ne ko tsiro. Alhali kuwa ginin wata 'yar mitsitsiyar dabba ce. Yadda gara ke gina suri da ƙasa, haka ita ma ta ke gina ɗakinta da alli wanda ta ke tatsa daga ruwan teku, 'ya'ya su ɗora bisa na iyaye, jikoki bisa na 'ya'ya. Masu kamar dunƙule a cikinsu su kan ƙaru wajen santimita guda ne kawai a shekara, saboda haka abin da mutum zai karya da ƙafa cikin ƙiftawar ido, watakila ya girme shi. Tsofaffin gidajen Sawakin da na Jidda da irin wannan dutse aka gina su. Jan murjanin ado kuwa, wanda fatake su kan kawo Kano ta hanyar Tarabulus, ɗan'uwansa ne daga Bahar Rum. Tudun da ya fi kowane girma yana gabas da Ostareliya, tsawonsa kilomita 2,300, ya ninka tafiyar Sakkwato zuwa Ikko sau biyu. Mu a gaɓar Nijeriya ba mu da irin waɗannan manyan tuddai, domin murjani yana son ruwan gishiri mai haske, Kwara kuwa kullum laka ta ke zubawa.

Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in ire-iren halittun teku a nan su ke samun ci da mafaka. A taƙaice, su ne fadamar teku.

Abin da masu nutso suka gani

Ga inda maganar ta ke. A cikin jikin dabbar murjani akwai wata 'yar gansakuka wadda ba a gani sai da madubin likita. Ita ce ke yi mata abinci da hasken rana, ita ce kuma ke ba ta launi. In ruwa ya ƙara zafi da ko da digiri 1 bisa abin da ya saba a tsananin bazara, ya daɗe haka makonni, sai dabbar ta kori gansakukar, ta yi fari fat kamar ƙashi. In sanyi bai dawo da wuri ba, ta mutu. Wannan annoba ta game duniya a 1998, ta komo a 2010, ta sake komowa daga 2014 zuwa 2017, ta kuma sake ɓarkewa a 2023.

Wanda ke bisa jirgi zai ga teku shuɗiya kamar kullum, ya ce lafiya lau. Masu nutso ne suka sauka da allo da ma'auni da kyamara, suka riƙa komawa wuri guda shekara bayan shekara, suna ƙirga mai rai da matacce. Ba masana kaɗai ba, har da masunta da masu nutson sha'awa da aka koya musu ƙirga. Da shaidarsu aka keɓe wurare aka hana su a ciki, aka hana jefa anka bisa murjani, aka hana kamun kifi da nakiya da guba. Sanganeb kansa keɓaɓɓen wuri ne, kuma a shekarar nan ta 2016 aka sa shi cikin wuraren gado na duniya.

Da na ji Turawa suna yabon wannan dabara ta keɓe wuri, sai na yi murmushi, don kuwa Kabawa sun riga su. Ai Matan Fada ba a taɓa shi duk shekara sai ran da Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa kifin ke samun sarari ya ƙasaita. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Abin da ba mu yi ba shi ne awo da rubutu.

Gulbinmu kuwa yana bukatar awo. An gama madatsar Bakolori bisa Gulbin Sakkwato a 1978, an gama ta Goronyo bisa Rima a 1984. Sun yi amfani wajen noman rani da ruwan sha, ba mai musu. Amma kifin gulbi da ambaliyar damina ya ke haihuwa. In ruwa ya malala cikin fadama, nan iyaye ke zuba ƙwai a cikin ciyawa, nan 'ya'ya ke girma kafin ruwa ya janye. Binciken da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori ya nuna ambaliya ta ragu, su kuma ya ragu tare da ita. Ga rairayi yana cike gurabu. Ga masu zuba maganin ƙwari a ruwa don su kwashi kifi a sauƙaƙe, ga masu su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako. A 2006 sai da aka hana babban su a bikin Argungu saboda ƙarancin ruwa. Daga baya bikin ya yi shekara wajen goma ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020.

Ruwa ba ya tsami banza. Ku tambayi kowane tsohon masunci, zai gaya muku gurbin da dā ya kan shanye gora mai tsawo, yau ya tsaya a ƙirji, zai kuma lissafa muku kifayen da ya daina gamuwa da su. Wannan ilmi yana cikin kawunan tsofaffi, kuma duk wanda ya rasu ya tafi da nasa.

Gargaɗi ga samari

Kada wani yaro ya karanta wannan ya je ya nemo tukunyar iska ya faɗa ruwa da ita don ya iya iyo. Nutson numfashi guda da nutson tukunya hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Kowane mita 10 na zurfi, watau kamar gaba biyar da rabi, yana ƙara wa mutum nauyi daidai da na iskar sama duka. Bakabe da ya sauka da numfashin da ya ja a sama, da shi zai komo, huhunsa ba zai wuce yadda ya ke ba. Amma mai tukunya, in ya cika huhu a zurfin mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ninki biyu ta yaga huhun. Wannan yana faruwa ko a ruwan da bai fi mita 2 ba. Saboda haka dokar farko ita ce, mai tukunya ba ya riƙe numfashi daɗai, watau akasin abin da masunci ya saba tun yana yaro.

Na biyu, kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da mu ke shaƙa wata aba ce mai suna naitirojin. A zurfi ta kan narke cikin jini. In mutum ya daɗe sa'an nan ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jijiyoyi kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya, ta kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ajali. Shi ya sa a ke tasowa sannu, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5 tukuna. Sabon shiga ba ya wuce mita 18, mai nutson sha'awa kome gwanintarsa ba ya wuce mita 40, kuma ba mai sauka shi kaɗai.

Masu nutson numfashi guda ma suna da nasu haɗarin. Waɗansu samari, don su ci gasa, su kan yi ta jan numfashi da sauri sau da yawa kafin su nutse. Wannan ba ya ƙara musu wani guzuri kirki, sai dai ya kashe ƙishin numfashin da ke gargaɗin mutum ya taso, har ya suma a ƙasa bai ji kome ba. Iya ruwa fid da kai.

Roƙona

Ran 26 ga watan Mayu 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a Kwara kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski. Kaɗan ƙwarai aka ceto da rai. Masu nutson gargajiya suna cikin waɗanda suka yi kwanaki suna neman gawawwaki, don iyalai su sami abin binnewa. Gaskiya ita ce, wanda ya nutse mintoci kaɗan gare shi, saboda haka rigar iyo a jikin kowane fasinja da hana lodi fiye da kima su ne ke ceton rai. Amma aikin da ke biyo baya, na ciro mutane da jirgi, da gano kututturan da ke ɓoye a hanya, na masu nutso ne, kuma bai kamata su yi shi da ƙirji tsirara ba.

Don haka, da ladabi, ina miƙa waɗannan shawarwari ga Mai Martaba Sarkin Kabi, da Mai Martaba Sarkin Gwandu, da Mai Martaba Sarkin Yauri, da Gwamnatin Jihar Kebbi.

Na ɗaya, a sa Sarkin Ruwa na kowane gari ya rubuta sunayen gwanayen nutso na ƙasarsa, a san su, a san inda za a same su da dare ko da rana, a kuma yanka musu wani abu.

Na biyu, a zaɓi samari daga cikinsu a aika su koyon nutson tukunya a hannun malaman da suka ƙware, a ajiye su da kayansu a Argungu da Birnin Kebbi da Yauri. Wanda ya saba aiki da hannu a cikin duhun laka ya riga ya ci rabin karatun, domin a gulbi ko mai tabarau lalube zai yi.

Na uku, kowace shekara a tsakiyar rani a auna zurfin manyan gurabu da igiya mai dalma, a rubuta a littafi tare da sunayen kifayen da aka samu da nauyinsu. Ɗaliban makarantunmu su zauna da tsofaffin masunta su ɗauki abin da ke bakinsu, a ajiye kwafi a gidan tarihi na Kanta da ke Argungu. Wannan ba ya cin kuɗi sai na takarda da igiya. Bayan shekara goma, in za a yi magana da masu kula da Goronyo da Bakolori bisa lokacin sakin ruwa, za a je da littafi a hannu.

Na huɗu, a ƙara keɓe waɗansu gurabu bisa al'adar Matan Fada, a kuma tsananta wa masu guba da masu gidan sauro.

Na biyar, a gasar nutso a sa kowane ɗan takara ya sami mai tsaronsa a kwale-kwale kusa da shi, da agogo a hannu, a kuma hana yawan jan numfashin nan kafin a nutse.

Ina kuma roƙon masu karatu na Argungu, da Augie, da Bunza, da duk inda gulbin ya ratsa, wanda ya san sunan wani gurbi da zurfinsa na dā da na yanzu, ya rubuto wa Edita, mu fara littafin daga wannan shafi. In dattawan ruwa suna da gyara ko ƙari bisa abin da na faɗi, su ne masu abu, kunnenmu na gare su.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye masu shiga ruwa. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Bakabe,
Birnin Kebbi.